Tokar Banda da Irin Albasar Inna

Albasar Inna ba irin ta kasuwar Yelwa ba ce. 'Yar ƙarama ce, ja jawur, ga yaji kamar kun yi faɗa da ita. Marigayiya kakata ce ta ƙullo irinta a bakin zane ranar da aka tashe su daga tsohon ƙauyenmu, kafin ruwan dam ya cinye shi. Gidaje, maƙabarta, tsamiyar ƙofar masallaci, duk suna ƙarƙashin tafki. Irin nan kaɗai ya tsira. Shi kuwa irin albasa ba ya jiran kowa. Duk shekara sai an ware kawuna masu kyau an adana, a sake dasa su su yi fure, in ba haka ba ya ƙare.

Filin da muka samu kusa da Warra yashi ne zalla. Shi ya sa Inna ke bin gidajen masu bandar kifi tana kwasar toka a daro, ta kai ta barbaɗa a fangali.

Sai ga ni na dawo daga makarantar aikin gona, kai ya kumbura. Na iske uwata toka har gira, mata na tsokanarta wai ta auri murhu. Wallahi kunya ta kama ni. Na kawo buhun takin yuriya, na ce mata zamanin toka ya wuce. Ta tambaye ni ko malamanmu ne suka faɗa. Na ce eh. Ƙarya nake yi, babu malamin da ya ce haka.

Ganye ya tashi shar, har masu wucewa na tsayawa kallo, ni kuma ina ta hura hanci. Inna ce kawai ta lura bakin ganyen na ƙonewa, wuyan albasar ya yi kauri ya yi taushi. Ta nuna mini, na ce ta cika tsoro.

Bayan an cire an kai rumfar ajiya, ba a yi wata biyu ba ɗoyi ya tashi. Kullum sai ta zauna tana tsince ruɓaɓɓu, tarin na raguwa, har ya zama babu ko ɗaya. Ta zazzago tsohon irin da ya rage a gora ta shuka. Ko tsinke bai fito ba.

Daga baya na koma littattafan da na yi wa karatun ganin dama. Ashe akwai sinadarin fotash, shi ke sa albasa ta yi tauri ta jure ajiya. Yashi ba ya riƙe shi, ruwa ke wanke shi, yawan yuriya kuma na hana saiwa ɗaukar ɗan abin da ya rage. Tokar nan da na raina ita ke mayar da shi.

Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Sau ɗaya ta yi magana, tana riƙe da goran babu komai.

"A hannuna marigayiya ta sa shi. In na iske ta, mi zan ce mata?"

Ta riga ta iske ta. Ni har yau in na shiga kasuwa, daga Shanga har Ngaski, na ga albasa ƙarama ja, sai na ɗauka na gatsa a gaban mai ita. Har yanzu ban dace ba.