Shekarar da Baba Ya Binne Iri Duka

Wata Lahadi ce a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji uku a firamare, Baba ya miƙe tsaye a tsakiyar majami'a ba tare da an kira shi ba. Majami'armu ta ƙasa ce mai rufin kwano, a wata 'yar unguwar manoma da ke bayan Ƙarfi, kuma a irin wannan lokaci kwanon kan gasa mutum kamar waina a tanda. Mata na ta fifita da bakin mayafi, jarirai na kuka. Mako uku ke nan ana addu'ar roƙon ruwa. Hadari ya haɗu da yamma har kaji su shige akurki, sai iska ta taso ta watsa shi. Baba dattijon ikkilisiya ne, shi ke buga ƙarfen da ke rataye a bishiyar darbejiya don kiran addu'ar safe, saboda haka da ya tashi kowa ya yi tsit. Ya ce, "Muna roƙo da baki, amma iri na ɓoye a ɗaka. Gobe zan binne nawa duka, ba zan rage ko ƙwaya guda ba, Ubangiji ya ga ba da wasa nake ba." Maza suka amsa da amin mai ƙarfi. Na waiga ɓangaren mata ina neman Mama, na ga ta sunkuyar da kai, bakinta a rufe.

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don da zarar ya sauka tsiro ya tashi da wuri. Mutanenmu kan yi shi a gonakin jigawa idan damina ta makara, amma ko yaro ya san ƙa'idarsa: rabi ake binnewa, a bar rabi a gida. Ruwan fari kan yi yaudara. Yana iya jiƙa ƙasa iri ya tsiro, sannan ya ɗauke ƙafa, rana ta ƙone kome. Wanda ya rage rabi sai ya sake shuka. Mu kuwa a shekarar ba mu da wani abin komawa, don ciyawar wuta-wuta ta cinye mana dawa a daminar da ta wuce, rumbu ya yi ƙasa har Yaya Ishaku, wana, yakan shige ciki gaba ɗaya kafin ya samo abin daka, ɗan guntun da ya rage ma ƙwari sun huhhuda shi. Abin da ke da lafiya kawai shi ne irin kaurarmu, wanda Baba ya gada wurin mahaifinsa, Mama ta sussuke shi ta cuɗa da toka ta ɗura a goruna da tukwane da gwangwanaye, kome ta samu.

Baba ba mahaukaci ba ne, kuma ba na son a ɗauke shi haka. Yana saurayi ya bar tsafin gidansu ya bi Yesu, ya sha zagi da horo a kan haka, tun daga nan kome ya kama da hannu biyu yake kama shi. Shi a wurinsa rage wani abu a baya shakka ce, shakka kuwa zunubi. Mama ta yi masa magana kan ya rage rabi, a tsakar gida da yamman nan, a hankali kamar yadda ta saba. Ya ce mata, "Saratu, ke ma?" Ta shiga ɗaki ta fara fito da gorunan.

Da sassafe muka tafi gona, ni da Baba da Yaya Ishaku. Baba na gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya sara ɗaya, mu muna biye da 'yan ƙoƙuna muna jefa iri a rami muna rufewa da diddige. Malam Garba, maƙwabcinmu Musulmi da muke iyakar gona da shi, ya tsaya a bakin kunya yana kallon tulin gorunan da muka jibge a gindin ɗorawa. Shi da Baba tare suka yi kiwon awaki suna yara, ba sa jin nauyin juna. Ya ce, "Yakubu, duk wannan za ka zuba? Ba a wanka da kashi don ganin hadari fa." Baba ya yi dariya ya ce shi ba hadari ya gani ba, mai hadarin ya sani. Malam Garba ya kaɗa kai ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ya koma gonarsa.

Kwana uku muka yi muna wannan aiki, muka gama babbar gona muka shiga sabuwar da Baba ya sassabe. Ban taɓa jin zafin ƙasa irin na ranakun nan ba. Silifas ɗina ya tsinke tun rana ta farko, kafin azahar yashi ya zama garwashi, diddigena ya kumbura ya yi ruwa. Ga ƙawayena can ina hango su suna kaɗo ɗorawa da doguwar sanda, bakinsu duk ya yi rawaya. Na tambayi Baba yaushe za mu tashi, ya ce sai iri ya ƙare. A rana ta uku aka aike ni gindin ɗorawa in ciko ƙoƙuna, na tarar saura gora ɗaya, babba, an toshe bakinta da totuwar masara. Na dube ta, na dubi ƙafata. Akwai wata tsohuwar kuka mai kogo a gefen gonar, inda mukan ɓuya idan muna wasa. Na rungumi gorar na zaga ta bayan ciyayi na cusa ta can ƙuryar kogon, na dawo da ƙoƙuna wayam na ce iri ya ƙare. Baba ya dubi ɗan filin da ya rage, ya ce hannunmu ya yi nauyi wajen jefawa, ya saɓa sungumi muka nufi gida. Wallahi ko ɗar ban ji ba a ranar, har ɗorawar na je na sha.

Lahadin da ta zagayo Baba ya sake tashi ya shaida wa jama'a cewa ya cika alkawari, bai rage ko ƙwaya ba. Ni kaɗai a majami'ar na san maganar ba gaskiya ba ce. Bayan kwana biyu sai ga ruwa. Muka fita tsakar gida muna tsalle a ciki, Mama na tara kwanuka a bakin indararo, Baba na tsaye hannu sama yana waƙar yabo da muryarsa mai kama da ta tsohon rago. Kafin mako gona ta yi kore shar, layi-layi. Mutane suka riƙa biyowa ta hanyar gonarmu don su gani, wasu da suka rage iri suka ji kunya suka kwasa suka shuka.

Daga nan sama ta bushe. Kwana biyar, kwana goma, mako uku. Kowace safiya kafin makaranta nakan bi Baba gona, in ga tsiron ya naɗe ganye, washegari ya yi fari, har ya kwanta ya zama kamar tsinken tsintsiya. Abin ya taɓa kowa, amma yawancin mutane na da ɗan abin da suka riƙe, ban da mu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba wanda ya yi wa Baba gori a gabansa, sai dai idan ya doso dandali hira kan mutu. Waɗanda suka bi sahunsa suka daina gaishe shi da sakin fuska. Iri ya yi wuya, kowa ya ƙanƙame nasa, ba don mugunta ba. Malam Garba ya aiko matarsa da ɗan ƙoƙon masara wanda bai wuce a shuka a bayan ɗaki ba, Mama ta karɓa tana share hawaye. Wata safiya muka ji shiru, ba a buga ƙarfen addu'a ba. Baba na zaune a kan turmi ya zuba wa ƙasa ido, bai sake taɓa ƙarfen ba.

Ni kuwa na san wanda ya hana ruwa. A makarantar Lahadi an taɓa ba mu labarin wasu da suka ce sun ba Allah abu duka alhali sun ɓoye wani sashe, ƙarshensu bai yi kyau ba. Lissafin a kaina ya fita sarai: Baba ya yi alkawari, ni na karya shi, Allah ya ga gorar nan a kogo ya rufe sama. Kowace gona da ta ƙone, ni ce. Na daina cin tuwo, na daina carafke da 'yar gala-gala, a aji malami ya yi ta magana ban san me yake cewa ba. Idan an ce a rufe ido a yi addu'a, ni nawa a buɗe, don ina tsoron Allah ya kama ni a cikin duhun. Sau biyu na nufi kukar don in kwashe irin in binne a ɓoye, ko Allah ya huce, tsoron maciji ya maido ni. In faɗa kuma ban iya ba. Baba kan yafe fasa tulu da ɓatar akuya, amma bai yarda da ƙarya ba, balle ƙaryar da aka sa shi ya maimaita a gaban ikkilisiya.

Sai aka yanke shawara. Baba zai tafi Funtua neman dako a kasuwa, mu kuma Mama za ta kai mu wurin danginta a Kafur, a rufe gida. Ranar tafiyar da hantsi yana ɗaure tabarma da 'yan tufafinsa, na ga ya ɗauki sungumin ya miƙa wa Yaya Ishaku ya ce a kai wa Malam Garba, shi ba shi da sauran amfani da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ni na hana ruwa." Ya ce, "Mi kika ce, Rifkatu?" Na faɗi kome, da zafin ƙasa da ɗorawa da kogo, ina kuka majina na zuba. Na ce ya doke ni, ya gaya wa Allah an hukunta mai laifi, ko ya saki ruwa.

Ya kama hannuna muka nufi gona, Mama da Yaya Ishaku na biye. Ya zura sanda a kogon tukuna, sannan ya zura hannu har kafaɗa ya jawo gorar. Gara ta ci gindinta, wani irin ya zube ya lalace, amma fiye da rabi na nan lafiya cikin toka. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, ya zuba irin a tafinsa ya daɗe yana kallo, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, kuma ya fi dukan da nake jira ciwo. Da ya natsa ya jawo ni ya ce, "Ɗiyata, Allah ba ya hana gari ruwa don yarinya ta ji zafin ƙafa. Kuma ba ya saukar da shi don ni na yi cika baki. Ke kin ɗauka kin rufe sama, ni na ɗauka zan buɗe ta. Mu duka mun kai kanmu inda ba mu kai ba." Mama dai sai da ta murɗe mini kunne a hanyar gida, ta ce wannan na ƙaryar ne, kada in ɗauka na zama gwana.

Baba ya kwance kayansa. Ranar Lahadi ya tashi a majami'a karo na uku, ya ce ya gwada Ubangiji ya kira hakan bangaskiya, ya roƙi gafarar waɗanda suka yi asara saboda bakinsa. Bai ambaci sunana ba. Ruwa ya dawo bayan kwanaki, amma Baba bai yi gaggawa ba, sai da ya tona ƙasa da hannu ya ga lema ta wuce wuyan hannunsa, sannan muka shuka, ya kuma bar wa Mama cikin ƙoƙo guda. Ba zan ce shekarar ta yi daɗi ba. Irin bai rufe ko rabin gona ba, mun ci tafasa da rama har muka gaji, an sayar da awakinmu duka, wata ƙaramar ƙanwata ta yi ta ciwo. Amma gidan bai watse ba, kaurar ma ba ta ɓace ba.

Yanzu Baba ya tsufa, idonsa ya dushe, yana zaune tare da ni a Funtua a gidan haya. Funtuar da ya tsallake a wancan lokaci, 'yan bindiga sun kawo shi. Sun ɗauki mutane a gonakin yankinmu da rana tsaka, har da ɗan Malam Garba, unguwar ta watse, majami'ar na kulle. Yaya Ishaku na tuƙa keke mai ƙafa uku, yana shuka 'yan layukan kaura a wani kango don kada irin ya mutu. Ina kewar shekarar yunwar nan, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba, domin a lokacin sama kaɗai muke tsoro. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, Baba kan sa in ja shi zuwa ɗan wurin da ba a yi wa siminti ba a tsakar gida, ya durƙusa da ƙyar ya tona. Ya ce, "Lema ta kai, Rifkatu." In ce, "Na sani, Baba." Sai ya yi addu'a a nan durƙushe, ya roƙa wa waɗanda ke hannun mutanen daji, ya roƙa wa mutanen dajin ma, ba ya ƙara ce wa Allah ga ranar da za ka yi. Ya tashi ya ce a gaya wa Ishaku kada a ci irin.

A da mu ke jiran ruwa. Yanzu ruwa ya zo, gona ce ke jiranmu.