Tsutsar da Ta Ci Sunan Baban Gilashi

Shekara talatin da ɗaya Baban Gilashi ya yi a ɗakin gwaje-gwajenmu, yana tsamo tsutsotsin ƙasa, irin waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Zai jiƙa ƙasar gona, ya tace, ya ɗauko tsutsa guda da gashin girarsa da ya manna a bakin tsinke, ya kwantar da ita a kan ɗan gilashi, ya rufe da wani. Girarsa ta hagu har ta yi sanƙo. Mukan tsokane shi cewa ya bar ta dama saboda hoton ritaya.

Bai yi karatu mai zurfi ba, bai haihu ba, matarsa ta daɗe da rasuwa. Abu ɗaya yake da shi. Yana sabon shiga aiki ya tsamo wata tsutsa daga saiwar tumatir, tsohon Farfesanmu, Allah ya jiƙansa, ya auna ta, ya ce duniya ba ta san irinta ba, ya sa mata sunan Baba. Ni ce mai shigar da bayananmu a rumbun intanet inda masana ke ajiye sunayen tsutsotsi da danginsu. Lokaci-lokaci yakan tsaya a bayana ya ce, "'Yata, buɗe mini in ga ko tana nan." In buɗe, ya kalla, ya koma kujerarsa.

Saura wata biyu ya yi ritaya masu kula da rumbun suka aiko da saƙo. Suna zargin tsutsarmu ita ce wata da aka raɗa wa suna shekara arba'in kafin tamu. Ƙa'idarsu ba ta da tausayi: in tsutsa ɗaya ta sami suna biyu, na farko ke zama, na baya a daina amfani da shi. Faɗin jiki kawai ya raba su, don haka suke so a sake auna gilashin asali. Sabon Farfesa ya miƙa wa Baba aikin ko ɗago kai bai yi ba. Raina ya ɓaci.

"Baba, gilashin nan ya tsufa," na ce. "Ka ce ya fashe. Wa zai zo ya duba?"

Ya ɗauko gilashin. Ya ɗora shi a madubi, ya auna sau uku, ya rubuta a takarda. Sannan ya ce, "Ban sa mata matashi ba."

Matashi shi ne ɗan zaren gilashi da ake sawa a gefen tsutsa don kada murfi ya danne ta. Ya manta a lokacin, murfin ya baje ta, sai ta fito da faɗin da ba nata ba.

"Yau ka gane?"

"Tun a shekarata ta uku. Farfesa yana ta murna, bakina ya yi nauyi. Da ya rasu kuma sai na saba."

Na zaci zan ji haushinsa, ko tausayi. Ban ji komai ba. Fanka tana juyawa, famfo yana ɗiga a kan rariyar tace ƙasa, ni kuma na buɗe fom ɗin gyara. Ya zo ya tsaya a bayana. Na shigar da awon da ya rubuta, na zaɓi tsohon sunan.

"Suna neman dalili," na ce.

"Rubuta cewa mai shirya gilashi ne ya danne ta."

Na rubuta. Saura gurbi ɗaya a ƙasa, na sunan wanda ya tabbatar da kuskuren. Na fara buga na sabon Farfesa, kamar yadda muka saba.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Sa nawa. Ko a nan ma ya zauna."