Ofis a Kan Buhunan Gero

Malam Aƙilu safiyo ne a ma'aikatar ayyuka, mutum mai kiyaye lokaci. A shekarar 1976, sa'ad da arzikin mai ya sa kowa a Kano yake son gini, ya kwashe kayan abinci daga siton gidansa na Nasarawa, ya shigar da teburin zane. Nan yake zana wa mutane filaye bayan an tashi daga aiki.

Da kaka ta yi, Kawu Shu'aibu ya iso daga Ringim da buhu goma sha biyu na gero, rabon Aƙilu daga gonar mahaifinsa, kamar yadda aka saba. Ya leƙa siton, ya ga takardu.

"Aƙilu, takarda kuke tuƙawa yanzu?" in ji shi. "Direba, juya. Mu je mu gaya wa mutanen gida ɗansu ya ƙoshi."

Aƙilu ya san in geron nan ya koma, ba a ƙara sa shi cikin shawarar dangi. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, a yi haƙuri, a sauke."

Teburin ne ya fita. Aka jera buhunan, aka ɗora falanki a kansu, ya ci gaba da zanensa. Gida na cin tuwo, falankin na sauka. Kowace shekara, kafin damina ta yi nisa, a zaune kan tabarma yake aiki.