Shekarar da Aka Cike Kududdufinmu

A bayan gidanmu, a Rurum Tsohon Gari, akwai wani kududdufi da ya girmi Baba. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina rabin unguwarmu, kuma kowane rani maza sukan shiga da diga su ƙara haƙa don yaɓen katanga. Da damina ruwan da ke gangarowa daga dutse yakan cika shi taf, ya zauna har bayan girbi. Kwaɗin cikinsa sun fi mutanen Rano yawa. Da ana ba su katin zaɓe, da su za su riƙa naɗa mana ciyaman. Sauronsa kuwa biyu-biyu suke aiki, ɗaya ya danne ka, ɗaya ya sha.

A tsakar gida muna da rijiya wadda marigayi kakana ya haƙa. Kaka, mahaifiyar Baba, takan ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin gindinta ba. Ni ce babbar 'ya, don haka cika randuna aikina ne, kuma dokar Baba ita ce randa kafin littafi. Dokar ba ta dame ni ba, domin kafin koko ya huce na gama jan gugana, na sa hijabi na kama hanya. 'Yan matan ajinmu da ke zuwa rafi ɗebo ruwa su ne masu makara, kuma mai makara ba ta daɗewa a makaranta. Wata rana sai ka ga bencinta babu kowa. Rijiyar nan ce ta riƙe ni a aji, amma a lokacin ban sani ba.

Da siyasa ta dawo, masu hali suka koma ginin bulo, aka rage haƙar ƙasa, kududdufi ya zama wurin zubar da leda da mushen kaji. Ana tsakiyar zancen Shari'a, kowa yana cewa a gyara gari ciki da waje, tsafta cikon addini ce. Sai ga ɗan takarar kansila ya zo ya tambayi maza abin da suke so. Baba direban bas ne tsakanin Rano da Kano, ya daɗe yana neman inda zai riƙa ajiye motarsa, shi ya fara miƙewa ya ce a cike kududdufi. Mutumin ya ci zaɓe, kuma abin mamaki, ya cika alkawari. Tifofi suka yi ta juye jar ƙasa, katafila ta bi ta danne ta har ta yi tauri kamar uwar maƙera. Na yi guɗa har muryata ta dishe. Kaka ce kaɗai ta yi ƙorafi, ita ma ba wani dogon tunani ta yi ba, cewa ta yi ta saba da kukan kwaɗi, yanzu shiru ya hana ta barci.

Damina ta zo, ruwan dutse ya sauko ya tarar an rufe masa masauki, sai ya bi lungunmu a guje, ya kwashe takalman yara da kwanon awon maƙwabciyarmu ya wuce rafi. Muka yi ta dariya. Da rani ya tsaya, igiyar guga ta daina kaiwa. Na ƙulla mata igiyar ɗaure kayan Baba, na ƙara da tsohon zanin Kaka, har ta yi tsawon da in aka miƙe ta za ta kai garin Kibiya ta dawo. Bayan haka guga ya fara fitowa da laka. Baba ya kira masu yasar rijiya, suka shiga suka yi ta haƙa har diga ta ci karo da dutse tana tartsatsi, suka fito suka ce iyakar ke nan. Kaka ta toya waina ta yi sadaka. Rijiya ta yi shiru.

Haka na koma 'yar rafi. Rafin ma yashi ne, sai an tona rami an zauna ana jira ruwa ya tsattsafo, ana kwarfa da ƙoƙo. Kafin in cika randuna rana ta take. Na sha bulalar makara har tafin hannuna ya san mai gadin ƙofa fiye da yadda ya san alƙalami. Wuyana kuwa ya nutse cikin kafaɗa saboda tulu, ina ganin na rage tsawo.

Wata rana na shiga aji a makare na tarar malamin labarin ƙasa ya zana teku da gajimare da dutse, da kibiyoyi suna bin juna. Yana cewa ruwa ba ya ƙarewa, zagaye yake yi. Rana ta ɗauke shi sama, ya sauko, ƙasa ta sha, saiwa ta ja, ganye ya sake shi cikin iska. Ni ban taɓa ganin teku ba, sai na zana kududdufi a madadinsa, har da kwaɗo sanye da hular kansila. Malam ya kama ni. Na miƙa hannu don bulala, amma sai ya tsaya yana kallon zanen, ya tambaye ni ko ramin yana nan. Na ce an cike shi, kuma rijiyarmu ta ƙafe. Ya ce ruwan da ya zauna shi ne ƙasa ke sha a hankali har ya kai gindin rijiya, wanda ya gudu kuwa rabon mutanen gaba ne. Bai ce lallai dalilin ke nan ba. Ya ce in je in duba rijiyoyin unguwa in gani da idona.

Na bi gida-gida da sunan gaisuwa ina leƙa rijiyoyin mutane, har wata Hajiya ta zaci aljanu ne suka taɓa ni. Duk na kusa da tsohon ramin sun ƙafe, na can bakin fadama suna da ruwa. Da na fara lura sai abin ya ƙi tsayawa. Tsamiyar bakin kududdufi ta bushe ta gefe ɗaya. Fulani sun daina biyowa da shanu tunda babu abin sha, balbelu suka bi su, kashin shanun da Kaka ke kwasa tana zuba wa ramarta ya yanke, ramar ta tsumbure. Ashe duk a jikin ramin shara ɗaya suke rataye, har da ni.

Na sami Baba yana wanke mota a kan filin da aka cike, da ruwan da na ɗauko a kaina.

Na ce, “Baba, ruwan nan fa a ƙarƙashin tayarka ya kamata ya kwana.”

Na yi masa bayanin kibiyoyin Malam kaf, har da zane a ƙasa. Ya matse tsumma, ya ce rijiya da ikon Allah take kawo ruwa, da ikonsa take ƙafewa. Na ce haka ne, amma ai Allah ne ya ba ruwan hanya muka toshe. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Boko ya fara yi miki yawa. In rani mai zuwa haka ta kasance, ki zauna gida. Me ake koyo a rabin yini?”

Ban sami abin dariya a wannan ba, ni da nake samu ko a gidan makoki.

Damina ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Wata la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungu ya kasa ɗauka, ruwa ya shigo tsakar gida ya ci gindin katanga. Muna tsaye a rumfa katangar bayan ɗakin Kaka ta zauna a hankali kamar tsohuwa ta gaji. Babu wanda ya ji ciwo, amma Kaka tana zaune a gadonta tana kallon motar Baba ba tare da ta leƙa taga ba. Katangun maƙwabta ma sun zube.

Siminti ya fi ƙarfinmu, ƙasar gini kuma babu inda za a samo ta kusa. Da ruwa ya ɗauke, Baba ya ɗauki diga ya tafi kusurwar filin ya fasa jar ƙasar kansila, ya yi ta tono har ya kai tsohuwar ƙasa mai danƙo. Maƙwabta suka bi sahu. Babu wanda ya ce kududdufi ake buɗewa, kowa katangarsa yake gyarawa. Ragowar ruwan ƙarshen damina ya taru a ramin, kwaɗi kaɗan suka dawo kamar masu zuwa duba gida.

Yanzu rani ya sake tsayawa. Ramin bai fi ɗakin Kaka faɗi ba, ya bushe tun kafin a gama sussuka. Rijiya takan tara abin da bai cika randa ɗaya ba kafin safiya, jajawur, sauran sai rafi. Ina isa makaranta an gama darasin farko. Baba bai ce in zauna gida ba, bai kuma ce na tsira ba.

Shekaranjiya ya kira ni yana duba man mota, bai ɗago kai ba.

“Malamin naku, ya ce sai ramin ya kai yaya?”

Malam bai taɓa faɗa ba. Na ce, “Ya ce sai ya haɗiye motar nan har da kai a ciki.”

Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Jiya da ya dawo daga Kano ya ajiye motar a ƙofar gida maimakon filin, rabinta a lungu, ya aike ni in karɓo masa digarsa a maƙwabta. Katangarmu kuwa tuni an gama ta.