Taken Baba a Faifan Bature

A gidanmu akwai kiɗa ɗaya da ko a bayan ƙwarya ba a yi. Taken Baba ke nan. Babana ɗan tauri ne tun yana saurayi, a ƙauyenmu na Maguzawa da ke yamma da Malumfashi. Kowane ɗan tauri da takensa, kuma in ya ji shi, to, ba shi ba hankali. Sai ya zare wuƙa yana gurza wa cikinsa da wuyansa, wuƙa ta lanƙwashe, fata ko kwarzane babu. Amma makaɗinsa ya mutu, tsufa ya zo. Wata kaka lauje ya yanke shi a gona, jini ya zubo sha! Kowa ya gane maganin ya sake shi, ban da shi. Daga ranar Inna ta ce duk ɗan da ya kaɗa wannan take, ko da yatsa a kan turmi, sai ta karya yatsan.

Ni kuwa ina Funtuwa, ina aikin awo a injin gurzar auduga. Akwai wani Bature mai gyaran inji, kullum in na wuce gidansa sai in ji kiɗa na tashi ta taga, goge a kan goge, babu mai waƙa, babu wanda ake yi wa kirari. Abin ya shiga raina har abokan aiki suna yi mini tsiya, wai na sha ruwan Bature. Su ta shafa. Da zai koma ƙasarsu aka yi gwanjon kayansa, na sayi garmahonsa mai batir. Ya ɗauko faifai guda ya ɗora mini, ya ce da Hausarsa mai gurɗe: "Wannan na sabon shiga ne. Gutsuren shahararrun kiɗe-kiɗenmu ne a ciki, ka ɗanɗana kowanne." Ban iya karanta sunayen ba, ban kuma damu ba.

Fuska ɗaya ta faifan na saurara a ɗakina har na haddace. Ɗaya fuskar na ajiye, na ce sai a gida, mu ji tare. Ina zan sani? Wa ya aiki Bature da taken ubana?

Ranar da na kai shi gida da yamma ne, an gama sussukar dawa, tsakar gida cike da ƴan'uwa, ana zagaya ƙwaryar burkutu. Na aza faifai, na sauke allura. Goge ya fara a hankali, mata suna leƙa ƙarƙashin akwatin suna neman mutanen ciki. Baba ya taɓe baki.

"Kai, wannan kiɗan na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"Ƙarya kake. Akwai kiɗan da ba na kowa ba?"

Bai rufe baki ba goge ya ɗauke, ganga ta shigo. Duka uku a jere, tsayawa, sannan biyu masu nauyi. Ta sake. Na ga ƙwarya ta faɗi daga hannun Inna. Baba ya miƙe kamar an tsikare shi, idanu jajur, jijiyoyin wuya sun tashi. Ya kurma ihu, ya kira sunan makaɗinsa da ke kabari, ya faɗa ɗaki ya fito da wuƙarsa.

Na yi tsalle zan ɗage allura. Ya riga ni isa.

"Kwarankwatsa, ka yanke mini kiɗa, in yanke ka!"

Ya kawo sara, na kare da hannu, wuƙar ta tsaga ni daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ƙanensa ya rungume shi ta baya, Baba ya yi jifa da shi a jikin rumbu. Sai ya yage riga, ya ɗora wuƙa a ciki, ya ja. Da, sai ka ji ƙiii kamar a kan dutse. Ranar ba ƙara, sai jini. Ya duba, bai yarda ba, ya sake ja. Gangar nan kuwa sai ƙara zafi take, kakaki ya shigo, shi kuma yana juyi yana kirari, jini na bin ƙafafunsa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ya ɗaga wuƙar zuwa wuya.

Inna ce ta zo da taɓarya. Ba ta bi ta kansa ba, garmahon ta nufa. Duka ɗaya faifan ya tarwatse, ta ƙara, ta ƙara, tana zagin Bature da uwar Bature da ni da na kawo. Kiɗa ya mutu. Baba ya tsaya da wuƙa a maƙogwaro, yana waige-waige, sannan ya zube.

A amalanke muka kai shi bakin hanya, motar auduga ta kai mu asibiti. Aka ɗinke shi, aka ɗinke ni. Da ya farfaɗo na zaci zai tsine mini. Sai ya yafito ni.

"Yaron nan mai gangar ya iya hannu. Ina ya koyi takena?"

Na ce masa Baba, Turawa ne, a wata ƙasa, ba su san da zamanka ba. Ya harare ni kamar na zage shi. Ya ce ba a taɓa kaɗa masa take ya bar makaɗi hannu wofi ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Ya sa aka ɗauko wuƙar, ya danƙa mini, ya ce in kai wa mai gangar, in kuma roƙe shi ya zo ya ƙarasa, don an katse shi a tsakiya.

Kwalin faifan Inna ta cusa a murhu tun ranar, sunan kiɗan ya tafi da shi. Na sayi wani garmaho. Duk faifan gutsure-gutsure da na gani a kanti ko a gwanjo sai na ɗauka, in kulle ƙofa in saurara ni kaɗai, ina jiran duka uku da biyu masu nauyi. Haka faya-fayai suka cika mini ɗaki. Duk zuwana gida, kafin in zauna zai ce, "Ka gan shi?" Har ya mutu amsata ɗaya ce. Wuƙar tana nan a bayan faya-fayan, ban kai ba.