Ranar da Muka Wanke Famfo

Kamfanin da ke sayen man kaɗe a hannun matan unguwarmu, a Salaga, ya haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa wajen ƙarshen shekarun casa'in. Damina biyu ya yi yana ba da ruwa, sannan wani ƙarfe ya karye a cikinsa. Rijiyoyi suka ƙafe da rani, muka koma tafkin da shanu ke sha.

Inna ce shugabar matan. Ni ɗanta na fari, makarantata ba ta yi nisa ba, amma ina jin Turanci, don haka nake musu tafinta. Ina da 'ya ɗaya, shekararta uku, tare da Inna take wuni.

Wakilin kamfanin ya aiko cewa wata Baturiya za ta zo. Ba ma'aikaciyarsu ba ce. Aikinta ta duba yadda suke riƙe da masu yi musu mai, in ta gamsu a ba su hatimin da za su manna a jikin kayansu a Turai. Ta riga ta bi Bawku da Yendi.

Ba wanda ya sa matan abin da suka yi. Da safe suka ɗebo ruwa a ka daga tafki, suka wanke famfon da soso, suka share kewayensa, kamar yadda ake gyara ɗaki in baƙo na tafe. Na ce, "Inna, ai gara ta gan shi a mace."

"Kai wannan, rufe mini baki," in ji ta. Ba ta kiran sunana. "Mutum ya yi maka kyauta, ka tsiraita shi gaban baƙuwarsa? Bayan ta tafi ma yi magana da shi."

Baturiyar ta iso da hantsi, wakilin na biye da ita. Ta ga siminti a jiƙe. Ta miƙa hannu za ta tuƙa, Inna ta riƙe ta tana dariya.

"Gaya mata baƙo ba ya jan ruwa a gidanmu. Da waɗannan hannuwa kamar taliya?"

Matan suka tuntsire. Na fassara, ita ma ta yi dariya. Sai ta tambaye ni ko muna da kuka game da ruwa. Na dubi Inna, na dubi wakilin. Na ce mun gode Allah, mun gode kamfani. Ta rubuta.

Wata biyu muna jira, sannan na rubuta wa kamfanin wasiƙa. Amsa ta zo cewa rahoto ya nuna famfon Salaga lafiya yake. An tura masu gyara Yendi, inda matan can suka kai baƙuwar ta tuƙa nasu mataccen famfon da hannunta.

Kafin ruwan farko ya sauka, gudawa ta shiga unguwa. 'Yata ta yi kwana uku tana fama da ita. A bayan Inna ta cika, muna hanyar asibiti, Inna ba ta sani ba sai da aka kwance zanen.

Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita. Ta ajiye shugabancin matan a makon sadakar bakwai. An gyara famfon bayan damina ta kankama.