Babban Yatsan Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, tun kafin a haife ni yake sayar da shadda a Kumasi, kuma a ganinsa ilimin duniya kaf a babban yatsansa ya taru. Ya murza yadi sau ɗaya, ya taɓe baki, shi ke nan an yanke hukunci. Da na shiga jami'a karatun kimiyyar haske, shi ya bi gidajen 'yan uwa a unguwar Akwatia Line yana cewa an tura mace koyon kunna tocila. Da ya ji an fara kirana dakta tun kafin in zama, sai ya juya, wai shi ya fara gane ina da kai.

Aikina ba ya son hayaniya. Na'urarmu muna ce mata matsefatar haske. Hasken leza ake matsewa wuri ɗaya har ya riƙe wani ɗan ƙwallon gilashi da ido ba ya gani, a cikin ɗigon ruwa. Sai a ja ƙwallon a hankali bisa fuskar abu, kamar mai laluben hanya da sanda. Duk inda ya hau tudu ko ya faɗa rami, kwamfuta ta zana. Tudun da nake nufi, silin gashi ma ƙato ne a wajensa. Abin da zan auna kuwa ɗan fallen gilashi ne da aka shafa wa sinadari a ƙasar waje, guda ɗaya tak, na yi wata da watanni ina jiransa. Digirina a kansa yake. In ya lalace, sai baɗi.

Mahaifiyata ta matsa in bar Kawu ya zo ya gani. Ya zo da abokansa biyu na kasuwa, babbar riga na jan ƙasa, turarensa ya riga shi shiga ɗakin gwajin. Na sa safar hannu, na ciro fallen daga akwatinsa, na ajiye a tire ina bayani. Ko kallona bai yi ba, masu saurarensa yake kallo.

“Wato duk wannan uban injin,” ya ce, “santsi da kaushi kawai kike nema?”

Na ce, “Kusan haka ne, Kawu.” Na juya ɗauko kwalbar ruwa.

Kafin in waiwayo fallen yana hannunsa. Ya murza shi gaba da baya da wannan yatsan mai jan goro, ya hura masa iskar baki, ya goge a rigarsa, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya.

“Orijinal ne, 'yata. Ba kaushi koraa, ko kaɗan. Rubuta, ki ce ni na faɗa.”

“Ei, Alhaji!” in ji abokan. “Hannu ke nan!”

Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan lokacin ba. Ga mutum yana washe baki, bai ma san ya yi ɓarna ba, don bai taɓa zaton akwai abin da ya fi ƙarfin saninsa ba. Amma a wurinmu ba a kunyata babba gaban baƙinsa. Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode, har tasha na raka su suka hau trotro, motar haya. Ni ma na raina kaina, in faɗi gaskiya.

Washegari malamina ya sa fallen a na'ura, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ciro ya jefa a kwandon shara.

Da shekara ta ƙare, abokan karatuna suka gama ban da ni. A wannan makon aka yi suna a gidan wata 'yar uwarmu a unguwar Dichemso, aka ba ni abincin Kawu in kai masa. Yana zaune tsakiyar maza, ya hango ni, ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji.

“Har yanzu ba ki gama ba? Bayan rabin aikin ni na yi miki?”

Aka kwashe da dariya. Na durƙusa, na ajiye masa kwanon a gabansa, na buɗe masa murfin kamar yadda aka koya mini.